Haƙora Huɗu na Baba

Bara likitan haƙori ya duba bakina ya ce zai iya dasa mini sababbi biyu a gurbin waɗanda suka faɗi. Za a huda ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura ɗan ƙarfe, a ɗora haƙori a kai, in ci ƙilishi kamar kowa. Na ce masa zan yi shawara. Har yau shawarar nake yi, don da an yi zancen sa haƙori Baba nake tunawa.

Baba dillalin bisashe ne a kasuwar Tawa. Aikinsa ya kama leɓen saniya ya ja ƙasa, ya leƙa, ya faɗi shekarunta, kuma ba a musu da shi. Wata rana wani raƙumi mai baƙar zuciya ya wurga kai ya same shi a baki, haƙoransa huɗu na sama suka zube nan take. Abokan sana'arsa ba su bar shi ya gama jinya ba suka fara tsiya. Tunda saniya ma ba ta da haƙoran gaba a sama, wai yanzu ya koma cikin dangi. Shi ma dariya yake yi, har ya buɗe musu wawulon su more.

Sai fari ya zo. Shanu suka mutu daga Takanamat har inda labari ke zuwa, waɗanda suka rage ba mai saye. Dillali kuwa ba ya dillancin iska. Bayan sojoji sun karɓi mulki an raba hatsin taimako, muka ci jar dawa har muka manta ɗanɗanon gero, amma kasuwa ba ta farfaɗo yadda take ba. Mu tara ne a gida. Ni ne babba, ina aji na uku a kwaleji, kuma kowa ya sani ba tare da an faɗa ba: in Baba bai sami aiki ba, ni zan ajiye littafi in nema.

Lokacin aka fara aikin babbar hanyar da ta nufi arewa, ana ɗaukar lebura. Baba ya shiga layi sau biyu, sau biyu ana mayar da shi. Ba shi da takardar haihuwa, don haka kapura, wato shugaban lebura, da ido yake yanke shekarun mutum. Ya dubi leɓen Baba da ya lotsa ciki, ya ce tsoho ne. Alhali Baba bai wuce arba'in da 'yan kai ba, yana iya kayar da bijimi shi kaɗai.

Inna ce ta nemo dabara. Akwai wani mutumin Barmou da ya dawo daga Abijan da sana'ar sa haƙori, yana zama gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha. Ta kwashe tasoshinta na aure ta kai kasuwa, ta dawo ta ce, “Malam, tashi ka tahi a gyara maka bakinga. Ni na gaji da dawar gwamnati.”

Ni na raka shi. Kayan aikin mutumin ba su da yawa: gwangwanin madara cike da haƙoran roba, siririyar waya, ɗan zarto, da wani jan ƙullu mai warin fenti. Ya zube haƙoran a faranti ya ce Baba ya zaɓa. Baba ya yi ta juya su da yatsa yana tantancewa kamar mai sayen karsana, har mutumin ya ce, “Baba, ba haihuwa za su yi ba.” Ya goge su da zarto, ya jera a jan ƙullun, ya danna a dasashi, ya ɗaure da waya a haƙoran gefe. Na ga hawaye na bin gemun Baba.

Ya yi kyau, gaskiya. Shekara goma suka sauka daga fuskarsa. Ƙannena suka yi ta leƙensa suna gudu. Sai dai ba ya iya tauna komai da su, goro ma sai an daka masa, kuma dasashin ya kumbura kwana uku.

Ran nan muka koma wurin ɗaukar aiki, na tsaya daga gefe. Kapura bai gane shi ba. Ya dube shi sama da ƙasa, ya matsa damtsensa, ya ce wa magatakarda, “Rubuta wanga.” Na yi hamdala a raina.

Baba bai matsa ba. A kasuwar bisashe akwai ƙa'ida: kafin a sa wa ciniki albarka, dillali zai faɗi aibin dabba, ko tari ne ko ɗingishi, in ya ɓoye ciniki bai halatta ba. Shekara ashirin da biyar yana yin haka. Sai na ji ya ce, “Tsaya, ranka shi daɗe. Akwai aibi, in hwaɗa maka tun ba ka sa hannu ba. Haƙoranga ba nawa na ba, sa su anka yi. Ni na wanda ka kora sau biyu.”

'Yan layi suka fashe da dariya. Kapura bai yi ba, don a ganinsa an mai da shi wawa gaban jama'a. Ya ce a soke sunan.

Muka koma gida. Inna ta ji labari, ta dubi inda tasoshinta suke a da, ta shiga ɗaki. Ni kam haushi ya cika ni, kuma ban ɓoye ba. Na ce, “Baba, wa yat tambaye ka?” Ya ce, “Ba a tambaya. Hwaɗi a kai.” Na yi shekaru ina riƙe da wannan amsa a raina, ba da alheri ba.

Mako na zagayowa na mayar da littattafan lakwal, wato makaranta, na shiga layin. Baba ya nace sai ya raka ni. Da kapura ya zo kaina ya hango shi, sai ya yi murmushin mugunta ya ce, “To dillali, wanga hwa? Shi ma da aibi?”

Baba ya dafa kafaɗata.

“Akwai,” ya ce. “Ɗan lakwal na, hannunai bai san diga ba. Shi ka zuwa na hwarko cikin ajinsu. Kuma ba da son ranai ya zo ba, ni na ja mashi.”

Kapura ya ce a rubuta ni. Da azahar motar lebura ta tashi da mu.