Lambar Eldred Tana Hannun Wata

Verna Mouland ba mace ce da abu ke saurin girgiza ta ba. A Gull Cove aka haife ta, wani garin masunta a kan tsibiri, a bakin teku, a gidan da iska ke shiga ta kowace kafa. Tun ba ta gama makaranta ba ta shiga masana'antar gyaran kifi, ta yi shekara da shekaru a tsaye tana feɗe kifi cikin ruwan sanyi, har yatsunta suka lanƙwashe, ba su ƙara miƙewa daidai ba. Ta binne uwa da uba, ta aurar da 'yarta tilo can Ontario, ta binne miji. A duk wannan babu wanda ya taɓa ganin ta zauna daɓas ta rasa abin yi, sai bayan da wayarta ta faɗa tukunya.

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci. Ta ɗora naman gishiri da kabeji da dankali, abincin da ko makaho ya bi ta garin ran Lahadi zai gane da hanci. Ta sunkuya za ta juya, wayar ta sulale daga aljihun rigarta ta nutse cikin romo. Da ludayi ta tsamo ta. Dulcie, ƙanwar mijinta da ke gidan da ke kallon nata, ta ce a binne ta cikin ɗanyar shinkafa, wai haka ake yi. Aka binne. Shinkafar ta kwashi warin kabeji, wayar kuwa ko tari ba ta yi ba.

Wayar ba ta dame ta ba, dama ta tsufa, fuskarta duk tsaga. Abin da ya hana Verna sukuni shi ne imel ɗin da ke ciki.

Shekarar da gwamnati ta hana kamun kifi, mazan Gull Cove suka watse neman abinci. Eldred, mijinta, ya bi sahun masu tafiya can Alberta mai nisa aikin haƙar man fetur. Sai ya yi makonni a can, ya dawo ya ɗan huta, ya koma, haka har furfura ta cika masa kai. Da imel ya shigo gari, su biyun suka buɗe adireshi ɗaya, sunansa da nata a manne. Haka duk sa'anninsu suka yi, don a ganinsu mata da miji da ke kwana ɗaki ɗaya ba su da abin yi da akwatin saƙo biyu. To, idan Eldred zai rubuto mata daga sansanin ma'aikata, wa zai aika wa? Sai ya shiga akwatin ya aika wa akwatin. Ita ma ta buɗe, ta karanta, ta ba shi amsa a wuri guda. 'Yarsu Charlene ta sha yi musu dariya, tana cewa kamar mutum ne yake rubuta wa kansa wasiƙa. Ba su fasa ba.

Eldred ba mai daɗin baki ba ne, saƙonninsa duk ƙorafi ne da umarni. Amma tun da ya rasu, Verna ba ta shan shayin safe sai ta buɗe ɗaya ta karanta. Kwamfutar gidan ta daɗe da mutuwa. Wayar nan kaɗai ce ƙofarta, kuma a buɗe take shekaru, ba ta taɓa tambayarta komai ba.

Charlene ta aiko da sabuwa ta gidan waya, da dogon bayani a kan yadda za a yi. Verna ta ture bayanin gefe. Ita da ta sarrafa injin yankan kifi, ɗan wannan madubin ne zai gagare ta? Ta share teburin kicin, ta ɗora tabarau, ta zuba shayi. Dulcie ta shigo ba sallama, kamar kullum, ta ja kujera.

"Matar Yaya, kin dai san kalmar sirrin ko? Kar ki tara mu a banza."

"Na san ta tun kina yawo da majina. Matsa min daga haske."

Ta bi abin da wayar ta ce, sannu a hankali. Ta zaɓi harshe, ta haɗa da intanet ɗin gida, ta kai inda aka ce ta sa adireshin imel idan tana da shi. Ta rubuta, yatsa ɗaya tana dannawa, tana gogewa, domin haruffan an yi su ne don masu yatsu kamar tsinke. Ta sa kalmar sirri. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar, sannan ya karɓa.

"Kin gani?" in ji Verna. "Sai surutu."

Ba ta rufe baki ba wayar ta ce ba ta san wannan na'ura ba, don haka an aika lambar tantancewa zuwa layin da aka ajiye, kuma ta nuna ƙarshen lambar layin. Verna ta kalla. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake kallo.

"Ta Eldred ce," ta ce.

Shi ya buɗe akwatin, shi ya sa lambarsa, kuma babu wanda ya taɓa tunanin a sauya. Layin kuwa ita da kanta ta je ta rufe shi, shekara ɗaya bayan rasuwarsa, don ta gaji da ganin takardar biyan kuɗi tana zuwa kowane wata da sunansa a kai kamar yana nan. Ta danna inda aka ce a gwada wata hanya. Wata hanyar ita ce a tura sanarwa zuwa tsohuwar wayar, wadda ke kwance cikin shinkafa.

A nan ne Verna ta zauna daɓas, hannuwa a cinya. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda bai kama ta ba ko ranar jana'iza. A ranar mutane sun cika gidan, ga girki, ga baƙi. Yau kuwa ji ta yi kamar za a sake ɗauke mata Eldred, kuma da hannunta ta ja ƙofar ta rufe.

Dulcie, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Kira lambar."

"In kira wa? Mamaci?"

"Kamfanin waya ba ya barin lamba ta yi zaman makoki. In an kwana biyu sai su ba wani. Kira ki ji."

Verna ba ta nemi lambar a ko'ina ba, yatsanta ya san hanya. Ta kara a kunne tana jiran muryar na'ura ta ce layin ba ya aiki. Sai ta ji yana shiga. Saura kaɗan ta kashe.

"Wa ke magana?" Muryar mace ce, ana jin ƙarar kwanuka a bayanta.

Verna ta gyara murya ta yi bayani, ta rikice, ta sake farawa. Ta ce mijinta ne mai lambar a da, ya rasu, wayarta ta lalace, an turo wasu lambobi yanzun nan, don Allah a karanto mata.

Matar ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Baiwar Allah, a gidan kula da tsofaffi nake aiki. Kowane wata sai an tara mu an ja mana kunne a kan masu kira irin naki. Miji ya mutu, waya ta lalace, a karanto lamba. Ko labarin ba ku sauya ba."

"Ni ba 'yar damfara ba ce, 'yar nan."

"Haka duk suke cewa."

Gaskiyarta ne, kuma Verna ta san gaskiyarta ne, domin ita ma ta sha kashe wa irinsu waya. Abin da ya fi ciwo ke nan. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Sunansa Eldred."

Ƙarar kwanukan ta tsaya. "Eldred," in ji matar. "Akwai wani tsoho da ke kira na daga Alberta duk Kirsimeti, ya sha ya yi tatul, sai na ba shi Eldred. Na faɗa masa har na gaji." Aka ji ta koma kan kwanukanta. "Amma suna ba hujja ba ne, ana sayen sunaye. Daga ina kike?"

"Gull Cove."

"Ke 'yar gidan wa ce?"

A wannan tsibiri wannan ita ce tambayar da ke gaba da kowace. Kafin a tambayi mutum me yake so, sai an ji wa ya haife shi. Verna ta ji ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ta ce ita 'yar Hedley Feltham ce mai ƙera kwale-kwale, uwarta kuma daga gidan Abbott. Matar ta ce sunanta Roxanne Pardy, daga can kudu take, ba ta san wani Hedley ba, amma akwai wata Gladys da ta yi aure a wajajen nan, ko sun santa?

Dulcie, da ke manne da kunne a bayan wayar, ta fizge ta. "Gladys ta bayan coci? Wadda burodinta in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai an kai shi asibiti?"



"Ƙanwar mahaifiyata ce," in ji Roxanne.

Verna ta runtse ido. Da za a ba ta dama a lokacin, da Dulcie ta bi wayar cikin tukunya. Sai suka ji Roxanne ta tuntsire da dariya, har tana tari.

"Wallahi wanda ya san burodin Anti Gladys ya ci wuya a garin nan," ta ce. "Amma duk da haka sai na kira ta. Kar ku ji haushi."

"Kira ta, 'yar nan. Ni ma da haka zan yi."

Jiran ne ya yi tsawo. Shayi ya huce, aka sake dafawa. Dulcie ta fara kare kanta, cewa ai gaskiya ta faɗa, Verna ta ce ta yi mata shiru ko ta tafi gidanta. Can wayar gidan da ke maƙale a bango ta yi ƙara. Gladys ce da kanta, wai tana son ta ji da kunnenta ko Verna ce ta kira 'yar yayarta. Da ta tabbatar, sai ta nemi labarin tukunya tun daga farko, ko naman ya ciwu bayan haka, ko zubarwa aka yi. Verna ta ba ta amsa da haƙurin da ba ta san tana da shi ba. Ta san kafin rana ta faɗi babu gidan da labarin ba zai shiga ba a wannan gaɓa, kuma a karon farko a rayuwarta abin bai dame ta ba.

Roxanne ta kira, muryarta ta sauya. "Anti Verna, ki yi haƙuri da abin da na ce ɗazu. Waccan lambar ta daɗe, ba za ta yi ba. Danna a sake turowa, ina riƙe da waya."

Verna ta danna. Roxanne ta karanto a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba tsoho magani. Verna ta shigar. Zoben nan ya sake juyawa, ya juya, ya juya, sai akwatin ya buɗe. Saƙonni suka fara zubowa, na talla a sama, na coci, na Charlene. Ta ja da yatsa ƙasa, ta ƙara ja, sai ga su, jere, sunansa da nata a wurin mai aikawa, sunansa da nata a wurin mai karɓa.

Ta sauke ajiyar zuciya mai nauyi, ta ji kafaɗunta sun saki. Daɗi ya rufe ta, sai "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," take ta maimaitawa.

"Amin, Anti. Amma ki cire lambata daga ciki yanzun nan, tun muna tare. Gobe ban san hannun da za ta faɗa ba."

Suka lalubo wurin da ake sauyawa. Lambar Eldred tana zaune a cikin ɗan akwatinta, wayar tana tambaya ko a goge. Verna ta daɗe tana kallonta. Dulcie ta juya tana kallon taga. Verna ta goge, ta rubuta tata. Lambar tantancewa ta shigo nan take, a hannunta.

Da Dulcie ta tafi kai labari, Verna ta zauna ita kaɗai a kicin. Ta ja can ƙasa, ta taɓa ɗaya ba tare da ta zaɓa ba. Na wani watan Nuwamba ne.

"Verna, yau an ba mu kifi a kantin cin abinci, wai kifi. Ban san laifin da ya yi musu ba. Bututun hayaƙin nan ki bar shi sai na dawo. Kar ki hau tsani. Na san ki."

A ƙasansa ga amsarta, layi ɗaya: "Na riga na hau."

Ta yi dariya har hawaye suka zubo, ta bar su suna zuba, ba ta share ba. Ta kalli kujerar da ke ɗaya gefen teburin.

"To, ka ga dai ban faɗo ba," ta ce masa.

Ta kurɓi shayinta, ta buɗe na gaba.