Kwana Biyun Baba Tanderu

A ƙasan benen sashen kimiyya na jami'a, can ƙarshen baranda, akwai wani ɗaki da ba ya rabo da zafi. Nan Baba Tanderu ya yi shekara goma sha shida. Kafin nan a masana'antar tangaran yake, yana gasa kofuna da farantai, har ranar da aka rufe ta aka sallami kowa. Farfesa ce ta ɗauko shi, wata doguwar mata mai saurin magana, wadda ta ce ita wanda ya san wuta take nema, ba wanda ya karanta wuta a littafi ba.

Gari uku ake kawo masa a kwalabe, biyu farare, ɗaya baƙi na jan ƙarfe. Ya auna, ya zuba a ɗan turmin dutse, ya yi ta niƙa har kafaɗa ta riƙe. Sannan ya matse garin a injin hannu, ya fito ƙwaya-ƙwaya kamar manyan maɓallan kwat. Ya jera su a tanderun lantarki, ya buɗe tukunyar iskar oksijin ta riƙa hurawa ciki. In sun gasu sun yi baƙi wuluk, sai ya sa a kwali ya aika sama. Abin da ake yi da su a saman bai taɓa gani ba, bai kuma taɓa tambaya ba. In matarsa ta matsa masa sai ya ce, "Maɓallai nake gasa musu." Ita kuma ta ce, "To, Allah ya kawo rigar."

A bango kusa da tanderun akwai takarda da Farfesa ta rubuta da hannunta. Layin ƙarshe ya ce idan awannin gashi sun cika, a kashe wuta, a bar iskar awa uku, a rufe ta, a fitar da ƙwayoyin. Gashin farko haka Baba ya yi, sai biyu cikin goma suka tsage. Ba wanda ya ce masa uffan, amma shi kunya ta kusa kashe shi. Mutumin da ya yi shekara ashirin bai fasa farantin kowa ba, a ce maɓalli ya gagare shi! A masana'anta abin da aka fara koya masa shi ne, kayan da aka gaggauta wa sanyi ba ya yafewa.

Daga gashi na biyu sai ya koma hanyarsa. Ba ya kashe wutar. Rage ta yake yi kaɗan-kaɗan yana leƙa ɗan ramin ƙofar, har inda jan cikin ya ɗauke, ido ya daina ganin komai. A nan yake tsayar da ita, ya bar iskar a buɗe kwana biyu cur, sannan ya kashe. Yakan shirya gashin yadda kwana biyun za su faɗo kan ranakun hutu, ya hau kekensa ya zo ya duba da safe, ya koma. Matarsa ta ce tanderun nan ya fi ta ganin fuskarsa. A littafin aiki kuwa, duk gashi sai ya rubuta "awa uku", ya sa hannu. Ƙwaya ba ta ƙara tsagewa ba.

Matsalar ɗaya ce: tukunyar iska ba ta daɗewa. Aka ce tiyo ke yoyo, aka canza tiyo. Aka ce kan tukunyar ne, aka canza shi har sau biyu. Baba yana tsaye yana riƙe wa masu gyara sifana, yana girgiza kai tare da kowa, yana cewa kayan zamani ba su da ƙarko. Mutumin kirki ne, ba a taɓa jin ya ɗauki ko allurar wani ba, amma wannan ƙarya ya rene ta har ta girma a hannunsa, kuma kullum ya sa hannu a littafin nan sai gabansa ya faɗi.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Aka kawo sabon Dakta, mutum mai bin diddigi, irin wanda in ya ga ƙofa a buɗe sai ya san wanda ya buɗe ta. Shi bai yarda da zancen yoyo ba. Wata safiyar hutu Baba ya jingine kekensa, ya tura ƙofa, sai ya tarar da Dakta tsugune gaban tanderu, hannunsa a kan tiyo, iska tana tafiya abinta.

"Baba, littafi ya ce jiya da rana aka rufe wannan."

Baba ya yi tsuru-tsuru.

"Mantuwa ce?"

Ƙofar tsira ce Dakta ya buɗe masa, amma ya kasa shiga. "Ba mantuwa ba ce, Dakta."

"Tun yaushe?"

"Tun gashi na biyu."

Dakta ya miƙe a hankali, ya dafa bango. "Gashi na biyu na bana?"

"Na biyu da zuwana."

Dakta ya dube shi. "Shekara goma sha shida? Baba, ka san abin da ka yi kuwa? Duk takardun da Farfesa ta buga, awa uku ta rubuta!"

Baba bai san abin da ya yi ba, amma ya san muryar da ake sallamar mutum da ita. Ba rasa aikin ne ya fi tsorata shi ba. A ce bayan furfura an kore shi da sunan maƙaryaci, matarsa ta ji, surukinsa ya ji, wannan shi ya hana shi cin abincin rana.

Ranar aiki ta farko Farfesa ta sauko da kanta. Ta ji bayani, ta ɗauki littafin tana buɗe shafi bayan shafi, awa uku, awa uku, awa uku, duk da sa hannunsa. Mace mai saurin magana, ranar sai da ta nemi kujera.

"Baba, kai? Da wani ne ya faɗa min, da na ce ƙazafi ne."

"Ranki ya daɗe, tsagewa nake gudu."

"Tsagewa!" Ta ajiye littafin. "Ka sake gashi, yadda takardar nan ta ce, Dakta yana tsaye a kanka. Na kwana biyun kuma kada ka taɓa su. In mun gwada duka za mu san abin da za a yi da kai."

Haka aka yi. Baba ya rufe iskar a awa uku. Da ƙwayoyin suka fito, ko ɗaya ba ta tsage ba, abin da ya ƙara kashe masa jiki, don hujjarsa ɗaya tilo ta tafi. Baƙi ɗaya, nauyi ɗaya, shi da kansa ba zai iya bambanta su da na kwana biyu ba.

Aka ce ya biyo su sama. Shekara goma sha shida bai taɓa taka matakalar nan ba. A kan tebur Dakta ya ajiye ƙananan faifai biyu na roba, ya sa ƙwayar awa uku a ɗaya, ta kwana biyu a ɗaya. Ya ɗauko wata doguwar gora ya tsiyaya ruwan naitrojin, ruwa mai sanyin da in ya taɓa yatsa sai ya ƙone shi. Ruwan ya yi ta tafasa, farin hayaƙi yana gangarowa daga tebur. Dakta ya ɗauki ɗan guntun maganaɗisu da hantsaki ya ɗora a kan ta awa uku. Guntun ya zauna daram a kai. Dakta ya ɗaga ya sake saki, guntun ya sake zama.

Farfesa ta cire tabarau. "Ƙara ruwa." Aka ƙara. Ba abin da ya motsa.

Sai Dakta ya kai guntun kan ta kwana biyu, ya saki.

Bai faɗi ba. Ya tsaya a iska, tsakaninsa da ƙwayar kamar kaurin ɗan yatsa, yana juyawa a hankali.

Baba ya ja da baya har ya buge kwandon shara. "Innalillahi! Me ya riƙe shi?"

"Ƙwayarka," in ji Farfesa. Ta yago takarda ta zura ta ƙarƙashin guntun, ta wuce sumul, babu zare, babu komai.

"Wannan da na niƙa da hannuna?"

"Ita. Kullum haka suke yi, Baba. Ban taɓa zaton akwai wadda ba za ta yi ba."

Ta zauna, ta shiga yi masa bayani, ko da yake da gani kanta take yi wa. Ta ce cikin ƙwayar hawa-hawa yake kamar bene. Akwai shimfiɗu na jan ƙarfe da oksijin, nan lantarki yake bi, tsakaninsu kuma akwai layuka masu gurabe da oksijin ya kamata ya cike. A tsananin zafi oksijin gudu yake yi daga guraben. In an huce sosai kuma ba ya iya shiga. Sai a tsaka-tsaki yake komawa, kuma a ƙwaya mai tauri irin tasu a hankali yake ratsawa. In guraben sun cika, da zarar an sanyaya ƙwayar lantarki zai bi ta ba tare da wani cikas ba, ta kuma ture ƙarfin maganaɗisu daga jikinta, shi ya sa guntun ya tsaya a sama. In ba su cika ba, sanyin wannan ruwan bai isa ya tashe ta ba.

"Na ɗauka awa uku sun isa," ta ce. "Mutum huɗu suka rubuto min daga wasu wurare, sun ce sun bi takardata ba su samu abin da na samu ba. Na amsa musu cewa su gyara niƙansu." Ta rufe fuska da tafin hannu. "Sau huɗu ina koya wa mutane aiki."

Baba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ya jawo mata wannan, ita da ta ɗauko shi lokacin da ba shi da inda za shi. "Ranki ya daɗe, ki yafe min. Zan kwashe kayana."

"Ka kwashe ka kai ina?" Ta ɗago, idonta ja. "Ƙaryar littafi kam ka yi ta, kuma ni da kai za mu rubuta wa mutanen nan mu faɗa musu. Amma waye a ginin nan ya san inda kake tsayar da wutar?"

"Inda jan yake ɗaukewa ne kawai."

"Wane ja?"

Ya dube ta, ya dubi Dakta. Babu wanda ya sani a cikinsu.

Gashi na gaba, da safe, aka cire takardar daga bango. Farfesa ta zo da sabon littafi da agogo, ta zauna a kan bencin Baba wanda ƙafarsa ɗaya ke lilo, Dakta yana karanta ma'aunin zafi. Baba ya rage wuta, ya leƙa ramin, ya rage, ya leƙa. Can ya matsa gefe ya ce ta leƙa da kanta. Ta sunkuya ta sa ido, ta ce ba ta ganin komai.

"To, nan ne," in ji shi.

Ta rubuta. Ta ɗago da biro a hannu, cikin saurin nan nata. "Yanzu kuma me za mu yi, Baba?"

Ya jawo kujera ya zauna.

"Jira, ranki ya daɗe. Sai jibi."