Jan Zaren Malam Isiyaku

Ina cikin cunkoson hanyar filin jirgi, ina ta faɗa da wani direban bas, wayar Nura, ɗan Malam Isiyaku, ta shigo. "Baffa, Baba ya rasu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na gangara gefen titi na kashe mota, na fito, na koma, na sake fitowa. Mutumin da muka yini tare ranar Asabar, kanmu a cikin injin motarsa!

Malam Isiyaku abokin aikina ne a ma'aikata, maƙwabcina kuma a unguwar Lugbe. Ya girme ni, amma son mota ya mayar da mu kamar sa'anni. Tsohuwar motarsa farar nan kowa ya san ta a layinmu. Daga waje ba ta da wani abin kallo, sai an ɗaga bonet an ga injin mutum ya riƙe baki. Ya jera wayoyi ya ɓoye su, ya fitar da tsofaffin tiyon roba ya sa masu saƙar waya, ya matsar da matatar mai nesa da zafi. Ni mai gaggawa ne, shi kuwa sai ya ɓata rabin yini a kan noti ɗaya. In na fara tsaki ya ce, "Auwalu, fetur ba ya jin ban haƙuri."

Yana da wata al'ada da muke yi masa dariya a kanta. Duk mahaɗin bututun mai da ya ɗaura da hannu bai matse da sifana ba, sai ya ɗaure masa jan zare. Ba ya kwance zaren sai ya matse, ya murɗa makulli famfo ya turo mai, ya goga farin hankici a wurin, ya shinshina. Na taɓa ce masa motar ta koma kamar ta mai magani. Ya ce, "Abin da ban gama ba, ba na ɓoye shi." Haka yake a ofis ma. In bai duba aiki ba, ko wane oga ne ya tsaya a kansa, zai ce bai duba ba.

A zaman makoki na kasa zama. In zauna a tabarma, in tashi, in leƙa inda motar take. Na san ranar Asabar ya bar zaruruwa a cikinta, don la'asar ta yi kafin ya gama, ya ce sai mako mai zuwa.

Ran addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, na ga an yaye tamfol ɗin da aka rufe motar da shi, tana ɗigar ruwa. Nura, babban ɗansa, ya zo ya durƙusa. Ya ce kakarsa Inna, mahaifiyar Malam, ta ce a motar ɗanta take so a mayar da ita Zariya. "Na wanke ta tas, Baffa, har injin. Wasu tsummokara ma na samu a ɗaure, na cire."

Na miƙe zumbur. Na ce, "Kai Nura! A ina da ina?" Ya ce bai lura ba. Tsohuwa kuwa har an fito mata da jaka.

Na tuɓe babbar riga a gaban masu gaisuwa, na ɗaga bonet. Na sa ya murɗa makulli bai tayar ba, na bi mahaɗan nan ɗaya bayan ɗaya da hankicina, yadda na sha ganin Malam yana yi ina tsaki. Na sama duk Malam ya matse su. Can ƙasa, daidai inda bututun yake bi ta kusa da ƙarfen da hayaƙi ke fita, hankici ya jiƙe. Da sun hau hanya injin ya yi zafi, kan wannan ƙarfen man zai riƙa zuba.

Nura ya shinshina hankicin. Ya je kwandon shara ya tono jan zare, ya dawo ya ɗaure a wurin, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Inna ta dafa motar ta daɗe, sannan ta shiga tawa, na kai ta gida Zariya.

Tun daga ranar, kowace Asabar ina zuwa da sifana a aljihu. Aikin bai fi murɗawa biyu ba. Sai in ɗaga bonet, in ga zaren, in rufe in tafi. Ina kewarsa ƙwarai, kuma wannan ne aikinsa na ƙarshe da ya rage.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa. Allah ya ba Inna da matarsa Hajiya Rabi da Nura da ƙannensa haƙurin rashinsa, ya tsare masa bayansa. Ni kuma Allah ya ba ni ƙarfin zuciyar matse notin nan, in kwance masa zarensa. Amin.