Kitso Babu Mai

Shekara goma sha shida ke nan Baraka tana Alƙahira, kuma in ka tambaye ta abin da ta gani a garin, sai ta ce maka kawunan mata. Dalar Fir'aunan nan da mutane ke tasowa daga bangon duniya don su gani, sau ɗaya ta je, ta dawo da ciwon ƙafa. Mijinta Malam Sanusi ne ya ɗauko ta daga Gusau a kan zai yi karatun shekara huɗu su koma. Ya gama digiri na farko, ya shiga na biyu, yanzu yana kan na uku, wanda kullum saura babi ɗaya. Ita kuwa tun a shekararsu ta biyu ta shimfiɗa darduma a falonsu na hawa na biyar a Hayyul Ashir, can ƙarshen Madinat Nasr, ta fara yi wa mata kitso.

Ɗalibai 'yan mata suna zuwa, matan ɗalibai suna zuwa, har matan ma'aikatan ofishin jakadanci sukan taso daga Ma'adi, su hau matakalar nan suna haki suna tsine wa wanda ya gina gida babu lifta. Baraka ta yi shuku, ta yi kalaba, ta yi zanen yawo, har bayanta ya daina miƙewa sosai, manyan yatsunta kuma sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi da safe kafin su yarda su lanƙwasa. Ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya ɗauke ta, amma ba ta taɓa mayar da mai son kitso ba.

Ba kitson kaɗai ke kawo matan ba, har da man. Haɗin mahaifiyarta ne: man kaɗe, soyayyen man shanu, kanumfari da ɗan hulba. Man kaɗen daga gida ake yo mata tsarabarsa a jakar ɗaliban da suka je hutu. Takan lakato shi ta ɗora a bayan hannunta na hagu, duk tsagar da ta yi sai ta dangwalo ta bi fatar kan da shi daga goshi har ƙeya. A wurin Baraka duk wata cutar kai bushewa ce, maganin bushewa kuwa mai. Haka ta tarar, haka kuma take gaya wa duk wadda ta zauna a gabanta.

'Ya'yanta uku, babbar ita ce Ihsan, mai shekara goma sha uku. Da yake 'yar fari ce, Baraka ba ta faɗar sunanta, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta rungume ta, ba ta yaba mata a gaban mutane. A gidan da ta tashi haka ake yi, kuma zaman Masar bai kankare mata wannan kunyar ba. Takan ga maƙwabtanta Misirawa suna sumbatar 'ya'yansu a matakala suna ta "habibti, habibti", sai ta kawar da kai. Abu ɗaya ya rage mata: duk Juma'a biyu, da hantsi, kafin masu son kitso su fara ƙwanƙwasa ƙofa, takan zaunar da Ihsan tsakanin gwiwoyinta. Nan ne kawai take taɓa 'yarta babu mai cewa ta yi rashin kara. Kitson da take gamawa a awa ɗaya a kan wata, a kan Ihsan sai ya ci awa biyu, kuma ba don gashin ya fi yawa ba.

A sanyin bara waccan amosani ya kama kan yarinyar. Da fari ɗan fari-fari ne a cikin baƙar hular da take sawa ƙarƙashin hijabin makaranta. Baraka ta ƙara mai. Amosanin ya ƙaru, ya koma rawaya-rawaya yana danƙo. Baraka ta ƙara mai, ta haɗa da na darbejiya. Yarinya kuwa tun bakwai na safe kanta a rufe yake har ƙarfe uku, ga gumi, ga cunkoson mota, ga maiƙo a kulle a ciki. Ta koma sosa kai da biro ta saman hijabi, bayan kunnuwanta suka yi gyambo.

Wata rana Ihsan ta dawo da 'yar kwalba daga kantin magani na bakin layi. Ta ce, "Umma, Dakta Hadeel mai kantin magani ta ce man ne ke ƙara shi. Wai abin da ke kawo amosanin maiƙo yake ci. Ta ce in daina sa mai a fatar kai, in riƙa wankewa da wannan sau biyu a mako."

Baraka ko kallon kwalbar ba ta yi ba. "Ita da gashinta mai santsi kamar gemun masara, me ta sani a kan gashinmu? Ki bar shi babu mai ki gani, in bai kakkarye ya bar ki da ƙwaryar kai ba."

Kuma fa ba duka ta yi kuskure ba, gashinmu ba ya son bushewa. Malam Sanusi ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Ma'alish, a yi haƙuri, ku bi abin a hankali," ya mayar da kai ƙasa, ya gama nasa ke nan.

Daga nan Ihsan ta fara zillewa. Wannan Juma'ar akwai jarrabawa, waccan akwai hadda, ta gaba kuma ƙawarta ba ta da lafiya. A gida ma ba ta cire ɗankwali. Baraka tana lura, abin yana cin ta, amma ta ina za ta fara? Uwa ba ta bin 'yar fari tana cewa zo in taɓa ki. Sai ta riƙa share darduma da hantsin Juma'a, ta ajiye mataji da tsinke, ta zauna har mai son kitso ta farko ta iso.

Wata Talata da la'asar, ana zafin nan na Alƙahira mai sa bango ya yi ta huci, Ihsan ta dawo makaranta ta zube a falo barci ya kwashe ta. Ɗankwalin ya zame. Baraka ta fito daga kicin ta tsaya cak. Kitso ne sabo a kan yarinyar, ƙanana, tsagar a karkace, an murɗe bakinsu. Mai kitso ta san hannunta kamar yadda ta san muryarta, kuma wannan ba nata ba ne. Hannun Mahasin ne, wata Bahaushiyar Sudan da ta buɗe kitso layi biyu daga nan, wadda ta riga ta janye mata mutum uku ko huɗu.

Ta durƙusa ta duba da kyau. Fatar kan fes take, babu ɓawo ko ɗaya, gyambon bayan kunne ya bushe. Da ta ga ƙazanta da ta samu abin faɗa. Wannan tsabtar ita ta fi yi mata ciwo.

Da yarinyar ta farka, Baraka ta ce, "Wa ya yi miki?"

Ihsan ta kai hannu kanta, ta sunkuyar da ido. "Anti Mahasin."

"Ba ta sa mai?"

"A jikin gashin take shafawa kaɗan. Ba ta taɓa fatar." Sannan ta ƙara a hankali, "Na gaya miki, Umma. Ba ki ji ba."

Baraka ba ta yi faɗa ba, ba ta da ƙarfinsa. Ranar Juma'a da hantsi ta ɗora gwangwanin man a saman kabad, ta wanke hannu da sabulun wanke-wanke har sau uku, ta ce, "Ke, zo ki zauna."

Ihsan ta fara duba bayan hannun uwar tukuna, ta ga babu komai, sannan ta zauna.

Tsifa ta tafi lafiya. Matsalar a kitson take. Duk Hayyul Ashir an san hannun Baraka da zafi, ja take yi sosai, shi ya sa kitsonta ke yin wata bai tashi ba. Ashe duk shekarun nan man ne ke sassauta jan. Yanzu gashi ya bushe, hannu ya bushe, yatsarta sai ta kai bayan hannu ta dawo wayam. Shafa mai a gashi ba tare da an taɓa fata ba kuwa, ba ta ma san ta inda ake fara shi ba. Ta yi layi ɗaya, ta yi na biyu, gashin yana sarƙewa tana fizga. A na uku ta ji ɗumi a kan ƙafarta. Ta leƙa, sai ga hawaye yana ɗiga daga haɓar yarinyar, ko motsi ba ta yi.

"Da zafi?"

"A'a, Umma. Tamam, babu komai. Ci gaba."

Nan Baraka ta gane ba don kitso yarinyar ta zauna ba. Don ita ta zauna, kuma za ta daure har ƙarshe, ta sake daurewa bayan mako biyu in an kira ta. Baraka ta ajiye tsinken.

"Ɗauko hijabinki."

Suka sauka hawa biyar, suka tsallaka titi ta tsakanin ƙananan bas-bas da masu rake. Mahasin ta buɗe ƙofa da mataji a hannu, ta ga wadda ke tsaye, gaisuwa ma sai da ta sarƙe mata.

Baraka ta ce, "Na kawo miki 'yarki. Na fara, na kasa."

Mata biyu ne ke jira a falon, ɗaya tsohuwar mai zuwa wurin Baraka ce, ta yi saurin duƙar da kai cikin waya. Mahasin ba ta tambayi komai ba. Ta roƙi matan su yi haƙuri, ta zaunar da Ihsan, ta warware layuka ukun nan a hankali. Ta murza ɗan mai a tafinta har ya ɓace, ta bi gashin daga tsakiya zuwa baki, sannan ta tsaga. Kafin a yi layi biyar wuyan yarinyar ya saki, ta jingina kai da gwiwar Mahasin.

Baraka tana kujerar masu jira, inda ba ta taɓa zama ba a rayuwarta. Can Mahasin ta ɗago ta ce, "Hajiya, ko za ki ƙarasa mata gefe ɗaya?"

Ihsan ba ta juyo ba, amma Baraka ta ga kafaɗunta sun ɗaure.

"A'a," in ji Baraka. "Yi abinki. Ina kallo."

Ta mayar da hannuwanta cikin hijabi, ta riƙe ɗaya da ɗayan.