Wanda Ya Matsar da Dagin Hajiya Mariyama

Har gobe ba na mantawa da safiyar da muka jingina ƙyamaren nan biyu a bango, muka haɗa su, muka ga rabin dagi yana sama rabi yana ƙasa, kamar mutum mai karkatacciyar kafaɗa. Ku da kuka zo atiliyen nan, wato shagon kafinta, daga baya kun tarar da injin sassaƙa ya zama ɗan gida. A lokacin kuwa bai cika shekara da zuwa Matameye ba. Mutane har daga tasha suke zuwa su leƙa ta taga, su ga ƙarfe yana zana fure a katako ba hannun kowa.

Mu uku ne a kan aikin. Alhaji Mamman shi ne mai atiliye, shi ya sayo injin. Ni, Habu, ni aka tura Damagaram na koyi sarrafa shi wurin Malam Laminu, makanikin da ya kafa mana shi. Sai Isuhu, babban kafintan hannu, wanda ya girme ni nesa. Shekara da shekaru yana tafiya cin rani Kano da Ibadan, sai a wannan shekarar ya samu aikin da zai zaunar da shi gida kusa da iyalinsa. Daga can ya ɗauko ɗabi'ar cusa riga cikin wando. Ko gumi na tsiyaya, Isuhu sai ya yi zanzaro.

Ga wanda bai san injin ba, ga yadda yake. Ana zana abin da ake so a kwamfuta, a ɗaure katako a kan teburinsa, shi kuma ya bi zanen da bakinsa mai juyawa. Amma inji ba shi da ido. Kullum da safe in aka kunna shi, sai ya ja da baya a hankali har kusurwar da ke jikin bango, wani ɗan maɓalli da ke jikinsa ya taɓa wani guntun ƙarfe da aka kafe a can. Wannan kusurwa muke ce wa gida. Daga nan yake auna duk inda za shi.

Aikin na Hajiya Mariyama ne, 'yar kasuwa daga Tsauni. Maigidanta ya tafi aikin Hajji, ita kuma ta gyara masa zaure a ɓoye, tana son ya dawo ya tarar da ƙofa sabuwa. Ƙyaure biyu ne na maɗaci, da babban dagi a tsakiya, rabi a kowane ƙyaure, in an rufe su haɗu. Ita da kanta ta sa aka kawo katakon daga Kano, kuma babu na sauyi. Mun sassaƙa na dama a farkon mako. Damina ta kankama, kuran, wato wutar lantarki, yana ta ɗaukewa, ga wasu ayyuka, sai ƙarshen mako muka yi na hagu. Da muka haɗa su, sai ga tazara ta kusan faɗin ɗan yatsa.

Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Wa ya taɓa kwamfutar nan?"

Na ce ba wanda ya taɓa. Shi kuwa idonsa na kan Isuhu, domin kowa ya san Isuhu da son tsayawa bayana yana tambaya, wannan maɓallin na mene ne, wancan fa. Isuhu ya ce, "Alhaji, wallahi ko ƙurarta ban share ba."

"Inji ba ya ƙarya," in ji Alhaji. "In ba a gano abin nan ba kafin Juma'a, wani zai koma neman aiki bakin iyaka."

Isuhu ya juya baya. Ya ɗauki zartonsa ya koma can ƙarshen rumfa. Ranar ko shayi bai sha da mu ba.

Na fara da abin da aka koya mini. Na buɗe zanen, na ga ba abin da ya canza. Na ɗauki turnabis, abin ɗaure kusoshi masu murɗi, na bi duk bis ɗin da ke riƙe da ƙananan motocin da ke juya injin, ko wani ya saki, duk a ɗaure suke. Na share garin katako daga haƙoran da injin ke tafiya a kansu, na shafa mai. Na duba katakan da muka kafe a tebur don jingina aiki, ba su motsa ba. Sai na sa injin ya yanka murabba'i a wani guntun falanki, na auna da metir ta kowane gefe. Daidai yake cif. Nan kaina ya ɗaure. Injin da ke yanka daidai, ta yaya zai ɓata ƙofa?

Ana cikin haka Hajiya ta iso a motar kasuwa. Muka yi ta rige-rigen tsayawa gaban ƙyamaren, amma ina. Ta matsar da ni da hannu, ta duba, ta ce, "Yaro, wannan dagin naku saki ya yi ne? Miji na sama, mata na ƙasa." Muka yi dariyar dole. Ta ce alhazai sun fara dawowa, ita dai ƙofarta take so, ta tafi.

Na kira Malam Laminu a waya na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Habu, duk abin da ka yanka a yini ɗaya daidai yake fita?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To ba a hanya yake ɓata ba, daga gida yake fitowa a ɓace. Gobe da safe in ya je gida ya dawo, ka sa ya huda ɗan rami a tebur. Jibi ka sake, a wuri ɗaya. Ka gaya mini abin da ka gani."

Haka na yi. Ramin rana ta biyu bai faɗa cikin na farko ba, ya ɗan zame gaba, kamar faɗin ƙwayar gero. Wato kullum gidan injin matsowa yake yi.

Kusurwar nan a matse take da bango, tun da aka kafa injin ba wanda ya leƙa ta. Na kira Isuhu ya riƙe mini tocila, na kwanta a ƙasa na cusa kai. A jikin guntun ƙarfen nan, daidai inda maɓallin ke taɓawa, sai ga ɗakin laka an gina shi tsaf, ɗaki bisa ɗaki, gefe ɗaya ma da sauran danshi. Ina kallo maginin ya shigo ta taga da dunƙulen laka, ya wuce ta gefen kunnena. Kullum sai ya ƙara gini, lakar ta bushe ta yi tauri, maɓallin kuwa ko ɗan yatsa ya taɓa shi ya isa. Sai injin ya taɓa laka ya ɗauka ya iso gida.

Na fito da gudu, gari duk a kaina, na sami Alhaji a bakin ƙofa. Na ce, "Alhaji, an kama shi! Zanzaro ne!"

Alhaji ya miƙe, ya nuna Isuhu da ke biye da ni rigarsa a cushe, ya ce, "Ai na faɗa! Tun ran farko na faɗa!"

Na ce, "Ba wannan ba, Alhaji. Mai fiffike."

Sai da muka kwantar da Alhaji a ƙasa da babbar rigarsa ya gani da idonsa. Ya fito yana karkaɗe jiki, ya kalli Isuhu, ya kalli ƙasa. Isuhu ne ya fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki, sannan muka bi.

Muka kankare lakar. Washegari maginin ya dawo ya sake aza harsashi, don haka Isuhu ya yanka gwangwanin tumatir ya yi wa wurin rufi, ya bar ɗan tsagi inda maɓallin zai shiga. Saura ƙofa. Ni na ɗauka katakon ya tafi ke nan. Isuhu ya auna, ya ce a ba shi yini ɗaya. Ya rage ƙyauren hagu ta sama, ya ƙara masa siririn maɗaci ta ƙasa daga ragowar yanka, ya bi da 'yar kwalliya a ƙasan ƙyamaren biyu don haɗin ya ɓace. Da muka kai Tsauni muka kafa, Hajiya ta rufe ta buɗe, ta sake rufewa, ta ce, "To, an mayar da aure." Ta sa aka dama mana fura.

Alhaji Mamman ba mutum ne mai iya cewa a yi haƙuri ba. A hanyar dawowa, muna bayan mota, sai ya ce da ni da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Habu, daga gobe ka fara koya wa Malam Isuhu kwamfutar nan. Mutum ɗaya bai isa ba." Ranar ce farko da na ji ya kira shi Malam.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, in inji ya kuskure, ku fara tambayar yaushe yake kuskuren, a ina, ta wane gefe. Tambayar wa ya taɓa ta zo daga ƙarshe, in ma za ta zo. Saura ƙiris mu mayar da magidanci cin rani, mu raba shi da 'ya'yansa wata takwas, saboda ba wanda ya yarda ya ɓata rigarsa ya leƙa bayan inji. Shi ya sa duk wanda ya zo koyon aiki nan, kafin in bar shi ya zauna gaban kwamfuta, sai na miƙa masa tocila na ce ya kwanta.