Muryar da Ta Rage Gudu

Surukina mai buga takardu ne, kuma makaho. Ciwon sukari ne ya cinye masa ido, amma bai bar sana'arsa ba. Wani abokinsa ya kunna masa muryar nan da ke cikin kwamfuta, wadda ke karanta duk abin da aka danna. Daga nan ya kashe fuskar kwamfutar gaba ɗaya, wai ɓarnar wuta ce. Muryar kuwa ya ƙure mata gudu, har ba mai gane abin da take faɗa sai shi. Mama, matarsa, takan ce ya yi mata abokiyar faɗa wadda ba ta numfashi.

Da ya rasu aka ja ƙofar ɗakin aikinsa. Mijina ya so ya ɗauke Mama ta dawo wurinmu, ta ce ko kusa. Suka tsaya a kan cewa muddin tana iya hidimar kanta, ba mai taɓa ta.

Ni ce mai kai mata cefane. Wata rana da azahar na shiga, na yi sallama, shiru. Sai na ji magana daga ɗakin marigayi. Muryar ce, amma a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai koya wa yaro karatu. Ni ba matsoraciya ba ce, kowa ya sani, amma ban tura ƙofar nan take ba. Na leƙa ta taga. Labule a sake, fuskar kwamfutar baƙi ƙirin, ga kuma mutum zaune a kujerar Baba, sanye da rigar sanyinsa.

Na tura ƙofa. Mama ce. Yatsunta na laluben 'yan tudun nan biyu da ke kan madannai, inda Baba ke ajiye manuniyarsa. Ta juyo da murmushi, sai dai ba ni take kallo ba, gefen ƙofa take kallo.

"Mama, ga ni nan ta wannan ɓangaren."

Ta ce, "To, kin gani. Ki rufa mini asiri, 'yata. In mijinki ya ji, gobe zai turo mota."

"Tun yaushe?"

"Da sauran ɗan haske a idona. Kafin ya ƙare nake so hannuna ya saba. Da muryar nan zan riƙa karanta saƙo, in kira mai magani. Ba zan bar gidan nan ba."

Tausayinta ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi, ni da nake zuwa kullum ban lura ba. Don in kawar da zancen na ce, "Wa ya rage miki gudunta?"

"Haka na same ta."

"Baba ai ba ya saurarenta a haka."

"Shi ya rage, kafin ya kwanta ciwo. Ban taɓa gaya masa ba, ko ni lokacin ban yarda ba." Ta shafa hannun kujerar. "Ashe yana jin tafin hannuna a jikin bango."

Da yamma mijina ya tambaye ni lafiyar Mama. Na ce lafiya lau, akwai mai kula da ita.