Ludon da Ba a Cin Ɗan Kowa

Babana hedimasta ne mai ritaya, kuma a unguwarmu ta bayan layin dogo a Kafanchan babu mai kayar da shi a dara. Da ɓarin jikinsa ya shanye, hannun dama ya daina aiki, lissafi ya riƙa kuɓuce masa. Sai abokansa suka shiga bar masa ci. Wai tausayi. Jikinsa ne ya taɓu, idonsa garau yake, ya kuwa gane. Ya sa aka kife allon, ya koma ɗaki, ya daina fita, ya daina magana in ba dole ba. Ina kallo mahaifina yana ƙarewa a kan kujera, abin yana ci mini rai.

Ni ce autarsa, kuma taurin kansa na gada. Wata Lahadi bayan sujada na ɗauko ludon jikokinsa da tsohuwar karta, na kafa sabuwar doka. Duk launukan huɗu gida ɗaya ne, ba mai cin ɗan wani. Kowa ya jefa dayis, a yi shawara, a ja ɗan da ya fi buƙata, ko na waye. Duk zagaye a cire kati ɗaya. In karta ta ƙare kafin 'ya'yan su shiga gida duka, mun faɗi gaba ɗayanmu. Karta ba ta san tausayi ba, shi ya sa na zaɓe ta.

Baba ya zauna, da farko kallo kawai. Sannu a hankali ya fara nuna ɗa da yatsa.

Da Kirsimeti yayana ya zo daga Abuja, ya tarar da mu a kai. "Wane irin gem ne wannan, ba wina ba luza?" in ji shi. "Ki bar Baba ya huta mana."

Na ce masa hutun nan ne ke kashe shi, ya zauna ko ya ba mu wuri. Ya zauna yana tsaki.

A ranar, dayis ya ƙi mu. Karta ta kusa ƙarewa, jajayen 'ya'ya suna can baya. Sai na ga yayana ya lallaɓa zai mayar da katunan da aka cire ƙarƙashin sauran. Kafin in buɗe baki, Baba ya damƙe wuyan hannunsa da hagu. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba.

"Ajiye," ya ce, harshensa na sarƙewa. "Ni ba gawa ba ne. Ku bar ni in faɗi."

Muka faɗi. Har yau ban ji daɗin wata nasara kamar faɗuwar nan ba. Baba ya tura wa yayana kartar da kansa, ya ce masa ya haɗa ta a sake wasan, kuma ya ajiye hannuwansa inda shi Baba zai riƙa ganinsu.